Kafin Mu Aiki Mai Bishara Ƙasashen Renon Faransa: Maganar Koyon Harshe

'Yan uwana Hausawa da masu jin Hausa mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba a nan Ikko, zuwa Sabo ta Badun da ta Shagamu, har Anacha da Fatakwal, yau ina so in taɓo wata magana ce da ta daɗe tana yawo a tsakanin ikilisiyoyinmu masu sujada da Hausa a nan kudu. Maganar kuwa ita ce ta koyon Faransanci ga wanda za a aika aikin bishara a ƙasashen da Faransa ta rena. Na san yawancin masu karanta ni Musulmi ne, maƙwabtana kuma abokan cin kasuwata, don haka ina roƙon su yi haƙuri su bi ni har ƙarshe, domin akwai rabonsu a cikin zancen. Jandarman da ke kan hanyar Kwatano ba ya tambayar mutum inda yake ibada kafin ya ce ya kawo takarda.

Duk lokacin da aka zauna a kan wannan batu, sai ka ga jama'a sun rabu gida biyu. Kashi na farko suna cewa ɓarnar kuɗi ce kawai, ai mutuminmu Bahaushe ne, in ya shiga Maraɗi ko Damagaram gida ya je, me zai yi da harshen Nasara wanda su kansu mutanen Nijar suka juya wa baya? Kashi na biyu kuma suna cewa in dai za a yi, to a yi da kyau, a nemo kuɗi a tura mutum Faransa ko Kanada inda Turawan mishan ke tura nasu. Ni da na yi shekara guda a Lome ina wannan karatu, da kuɗin baikon mutanen da wasunsu turin baro suke yi, wasu gadi, wasu kuma mata masu tuyar ƙosai, ina ganin wajibi ne in faɗi abin da na fahimta. Ra'ayina a taƙaice shi ne: a koyi Faransancin, a ba shi shekara cikakkiya, a koye shi a nan maƙwabta, miji da mata tare, sannan a san iyakarsa.

Bari in fara da kashi na farko, domin maganarsu tana da ƙafa. Gaskiya ne abubuwa sun canza. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojojin Faransa sun fice daga Nijar a watan Disamba na wannan shekara. A watan Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, a watan Maris kuma suka sanar da barin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. A cikin wannan watan na Maris ne kundin sake fasalin ƙasa da Janar Tiani ya sa wa hannu ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wane Bahaushe ne bai ji daɗin wannan labari ba? Ƙari a kan haka, fiye da rabin mutanen Nijar Hausawa ne, kuma ƙididdigar da ita waccan ƙungiya ta fitar a 2022 ta nuna masu jin Faransanci a ƙasar kimanin kashi 13 ne cikin 100. Saboda haka wanda ya ce Hausa ta fi Faransanci amfani a kasuwar Maraɗi bai yi ƙarya ba.

Amma fa mai karatu, ka tsaya ka dubi wannan kalma ta "harshen aiki". Aikin nan shi ne abin da mai bishara zai yi karo da shi tun daga ranar da ya sauka. Takardar izinin zama, takardar hayar gida, rajistar fili, sammacin kotu, sakamakon gwajin asibiti, takardar magani, littattafan makarantar 'ya'yansa, har da ita kanta dokar tsara harkokin ibada da Nijar ta yi a 2019, duk da Faransanci aka rubuta su. Harshen da aka shekara sama da ɗari ana rubuta takardun hukuma da shi ba ya gushewa cikin dare ɗaya don an sa hannu a kan kundi. Mutumin da zai sa hannu a takarda da sunan ikilisiya alhali bai iya karanta abin da ke ciki ba, ya ɗauki amanar jama'a ne ya miƙa wa duk wanda ya ga dama ya fassara masa. Tafinta yana da amfani, sai dai shi ma mutum ne, yana da ra'ayinsa, yana da tsoronsa, wata rana kuma yana da bukatarsa. Abin da ya ga zai ɓata maka rai sai ya rage, abin da ya ga zai ɓata wa jami'i rai sai ya sauya. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, to wanda ya je da kansa amma sai an yi masa magana, har yanzu saƙon ne ya aika.

Sannan ita ikilisiyar da ke can ba ta Hausawa zalla ba ce. Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba bisa ƙidayar 2012, kuma a cikin 'yan kaɗan ɗin nan akwai Hausawa, akwai Gurmawa, akwai Zabarmawa, ga kuma baƙi 'yan Togo da Binin da Burkina mazauna Yamai. Idan shugabanninsu suka haɗu a babban taro, harshen da ke haɗa su shi ne Faransanci. Mai bisharar da bai ji shi ba zai zauna a taron kamar gunki, a yanke shawara a kan aikinsa yana murmushi. Kuma kada mu manta Nijar ɗaya ce kawai daga cikin wuraren da ake aika mutanenmu. Duk ƙasashe huɗu da suka kewaye Nijeriya, wato Binin da Nijar da Cadi da Kamaru, da Faransanci ake aikin hukuma a cikinsu. A Cadi Larabcin Shuwa ne harshen kasuwa, a arewacin Kamaru Fulatanci, a arewacin Binin Dandanci da Bargunci. Manyan makarantun tauhidi na yankin, irin wadda aka buɗe a Bangi a 1977 da ta Abijan, da Faransanci suke koyarwa. Hausa za ta kai ka zango a kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan, za ta sama maka masauki da tuwo, amma a bakin ƙofar zango take tsayawa.

Akwai wani wuri a Littafin Ayyukan Manzanni, ƙarshen sura ta 21 zuwa farkon ta 22, da nake so dattawanmu su sake dubawa. An kama Manzo Bulus a Urushalima, jama'a na neman ransa, sojoji na ƙoƙarin shigar da shi bariki. Sai ya yi wa shugaban sojojin magana da Helenanci. Mutumin ya yi mamaki, domin da ya ɗauka wani Bamasare ne ɗan tawaye, nan take kallon da yake yi masa ya canza, har ya ba shi izinin yi wa jama'a jawabi. Da Bulus ya juya wajen jama'ar kuma sai ya yi musu magana da harshensu na gida, suka ƙara yin tsit suna saurare. Harshe biyu a cikin 'yan mintoci, ɗaya na hukuma, ɗaya na jama'a. Da bai iya na farko ba da bai sami damar buɗe baki da na biyu ba. Wannan shi ne matsayin Faransanci a wajen mai bishararmu.

Yanzu kuma sai kashi na biyu, masu cewa sai Turai. Gaskiya ne akwai makarantu masu kyau a can. Akwai wadda ke Albertville a gindin duwatsun gabashin Faransa, wadda tun 1967 take koyar da 'yan mishan, akwai wata a Massy kusa da Paris, akwai kuma ta Sherbrooke a yankin Kebek na Kanada. Yawancin Turawan da suka yi aiki a asibitin Galmi da sauran wurare a irin waɗannan makarantu suka bi. Ba ni da abin zargi a kansu. Amma Ba'amurke ya je Faransa ne domin a tsakanin gidansa da Afirka nan ne wurin da ya fi masa sauƙi, kuma ikilisiyarsa da dala take tara baiko. Mu da muke Ikko, daga nan zuwa Lome bai kai kashi ɗaya cikin uku na tafiyar Ikko zuwa Kano ba. Mutum zai karya kumallo a Agege ya yi sallama da Nijeriya a Seme kafin azahar. Binin da Togo suna cikin ECOWAS, kuma bisa yarjejeniyar 1979 ɗan Nijeriya zai shiga ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, kafin ya nemi takardar zama. Wanda ke da rijiya a ƙofar gida me zai kai shi wani gari ɗiban ruwa?

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ba a son faɗa a fili. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kada wani ya ce na ɓoye, ita ma Sefa ta yi mana tsada, domin a ɗaure take da kuɗin Yuro, kusan Sefa 656 a kan Yuro ɗaya, don haka duk ranar da Naira ta faɗi a gaban Yuro ta faɗi a gaban Sefa. Duk da haka, kuɗin jirgi da biza da inshorar lafiya da hayar ɗaki da kayan sanyi na mutum ɗaya a Turai ya isa ya riƙe iyali biyu ko uku a Lome, ga abincin da ciki ya saba da shi, ga motar da za ta dawo da mutum gida in an yi rasuwa. Akwai kuma abin da kowa ya sani amma ake kawar da kai: ba duk wanda aka tura Turai ne yake dawowa ba. Ba na cewa mutanenmu maciya amana ne, amma ɗora wa matashi jarabar da ba dole ba rashin hikima ne.

Wani abin da masu son Turai ba su lura da shi ba shi ne, Faransancin da mai bishara zai ji a shingen jandarma a Dosso ko a ofishin magajin gari a Garwa ya sha bamban da na bakin mutumin Paris, a sauti da sauri da irin kalmomin da ake zaɓa. Kunnen da ya saba da na Afirka tun farko ya rage wa kansa aiki. Tarihinmu ma ya nuna haka. Lokacin da Likita Walter Miller da abokansa na ƙungiyar CMS suke shirin zuwa ƙasar Hausa a ƙarshen shekarun 1890, Tarabulus ta Libiya suka tafi suka zauna, domin a can akwai Hausawa fatake da mahajjata da za su ji harshen daga bakinsu. Bayan nan ne suka yi tafiyar Kano ta 1900, wadda Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba. Shi wannan Miller ɗin ne ya zauna a Zariya, ya zama jigo a aikin fassarar da ta ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Mutanen nan sun nemi harshe a bakin irin mutanen da za su zauna da su. Mu ma abin da ya kamace mu ke nan.

Wuraren karatun kuwa suna nan. A Jami'ar Lome akwai cibiyar da ake kira Village du Bénin, wadda tun 1968 take koyar da 'yan Nijeriya da Gana Faransanci. A Kwatano akwai makamanciyarta a ƙarƙashin Jami'ar Abomey-Calavi. A gida kuma akwai Ƙauyen Faransanci na Badagry da gwamnatin tarayya ta kafa a 1991, kuma dalilin kafa shi ma darasi ne, domin jami'o'inmu sun kasa biyan kuɗin tura ɗalibansu waje shekara guda kamar yadda aka saba. Ga kuma cibiyoyin Alliance Française a Ikko da Badun da Fatakwal da Kano da Jos da wasu garuruwan. Shawarata ita ce a fara a gida, mutum ya yi 'yan watanni yana zuwa aji da yamma yana ci gaba da sana'arsa. A nan ne za a gane mai niyya da wanda tafiyar kawai yake so. Wanda ya jure, sai a tura shi waje, domin a Badagry da zarar an tashi daga aji Yarbanci da Turancin buroka ne za su tarbe shi a bakin titi.

Sai dai a nan akwai tarkon da ya shafi mu Hausawa musamman. Lome tana da zango, Kwatano tana da zango. Bahaushe zai iya shekara a garuruwan nan yana cin tuwo da miyar kuka, yana sauraron BBC da RFI da Hausa, yana hira da mahauta da 'yan canji, ya dawo gida da takardar shaida a jaka ba tare da harshen ya zauna a bakinsa ba. Haka kuma akwai majami'un 'yan Nijeriya masu sujada da Ingilishi birjik. Na ga waɗanda muka fara tare, suka fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, amma zango ya cinye su. Wanda aka tura karatu ya kama ɗaki a unguwar da ba mai jin Hausa, ya shiga ikilisiyar da ake sujada da Faransanci, ya shiga ƙungiyar mawaƙa ko ajin yara, ya bar ziyarar zango sai sau ɗaya a wata don sada zumunci. Kaɗaicin yana da zafi, ban musa ba, amma shi ne kuɗin makarantar na gaskiya.

Ga mai jin tsoro, bari in ƙarfafa masa zuciya: Bahaushe yana da abin da ya fi maƙwabtansa da shi a ajin Faransanci. Bayarabe da Inyamuri suna shan wahala kafin su yarda cewa tebur namiji ne ko mace, mu kuwa da wannan muka tashi. Abin lura kawai shi ne jinsin ba ya zuwa daidai da namu, domin rana da muke ce wa ita, su namiji ce a wajensu, wata kuma da muke ce wa shi, su mace ne. Haka nan yadda muke ce wa babba "ku" don girmamawa, su ma suna da "vous" a maimakon "tu". Ƙirgarsu ma, inda 80 take nufin ashirin sau huɗu, 90 kuma ashirin sau huɗu da goma, ba baƙuwa ba ce ga jikokin mutanen da suka yi ƙirgar wuri da hauya. Inda gizo ke saƙa shi ne harafin "p" da "v" waɗanda babu su a bakinmu. Kalmar uba a Faransanci "père" ce, in ka mayar da ita "fer" ka ce ƙarfe. Burodi "pain" ne, in ka ce "faim" ka ce yunwa. Ka ga mai jagorar addu'a yana iya tashi roƙon abinci ya ɓuge da roƙa wa jama'a yunwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa aikin na bukatar malami da lokaci.

Lokacin nan kuwa shi ne abin da kwamitocinmu suka fi yi wa rowa. Sau da yawa za ka ji an ce a ba shi wata uku ya je ya "ɗan kama". Mu yi lissafi. Jarrabawar da duniya ta sani ita ce DELF, mai matakai A1 da A2 da B1 da B2. Matakin B2 shi ne inda mutum zai iya bin muhawara, ya kare ra'ayinsa, ya rubuta wasiƙar hukuma, kuma akan kai shi ne bayan kimanin awa 600 na aji ko fiye. In ana awa 20 a mako, mako 30 ke nan, ban da hutu, ban da zazzaɓi, ban da bita. Wata uku awa 240 ne kacal, wanda zai ishi mutum gaisuwa da cinikin tumatir, amma ba zai ishe shi ya zauna da wanda ɗansa ya rasu ba, ko ya amsa tambayar ɗalibin jami'a. Rabin harshe yana da haɗarinsa, domin mai shi yana ɗauka ya gane alhali bai gane ba, jami'in da ke gabansa ma yana ɗauka ya gane. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ikilisiyar da ba za ta iya ɗaukar nauyin shekara guda ba ta haɗa kai da 'yar uwarta su ɗauki mutum ɗaya tare, ya fi kowace ta tura nata ya dawo da rabin abu.

Kuma in an yi alkawarin kuɗi a cika shi a kan lokaci. Mai gidan haya a Lome bai san wani abu wai shi kwamiti bai zauna ba. Na san zafin zama a aji kana tunanin kuɗin ɗaki maimakon darasi, saboda wani ma'aji a gida ya yi tafiya da makullin akwati. A tara kuɗin zango guda tukuna kafin mutum ya hau mota, a kuma canza shi zuwa Sefa tun da wuri, don kada faɗuwar Naira ta cinye rabinsa a hanya.

Abu na gaba shi ne wanda zumuntar mata ya kamata su tsaya a kai da ƙafa biyu: matar mai bishara. Al'adarmu ita ce a tura maigida karatu a bar uwargida a gida da yara, in ya gama a kwashe su gaba ɗaya a kai su wata ƙasa. To wa zai kai yaro asibiti ran da maigida ya tafi ƙauye? Wa zai karanta abin da malamin makaranta ya rubuto? Wa zai shiga cikin gidajen da namiji baƙo ba ya shiga? A ƙasashen nan, kamar dai a garuruwanmu na arewa, rabin jama'a ta hannun mace kawai ake isa gare su. Matar da aka kai inda ba ta jin magana an ɗaure ta ne a ɗaki, kuma da yawa daga cikin iyalan da suka baro fili kafin lokaci, in ka bincika, daga nan matsalar ta faro. Kuɗin karatun mace rabin kuɗin aikin ne, a sa shi a cikin lissafi tun ranar farko.

Bayan duk wannan, dole in faɗi iyakar Faransanci, domin akwai masu dawowa da shi ya hau musu kai. Ka ga mutum ya tsaya a gaban manoma Hausawa a ƙauyen Tasawa yana zuba Faransanci ana fassara masa, don a san ya yi karatu. Wannan abin kunya ne. A ƙasashen nan Faransanci yana ɗauke da kayan tarihi, harshen kumandan ne da aikin tilas da haraji. Mun ga abin da ya faru a watan Janairun 2015, lokacin da fushin zanen ɓatancin da wata jaridar Paris ta buga ya sauka a kan majami'u a Damagaram da Yamai, aka ƙona da dama, aka rasa rayuka kimanin 10, aka ƙona har da cibiyar al'adun Faransa ta Damagaram. Kiristocin da abin ya shafa ba su san hawa ba ba su san sauka ba, amma a idon masu fushin Kirista da Faransa abu ɗaya ne. Mai bishara ɗan Nijeriya, baƙar fata mai jin Hausa, yana da damar nuna cewa ba haka ba ne, kuma duk ranar da ya zaɓi Faransanci a inda Hausa za ta yi, ya zubar da wannan dama da hannunsa.

Ita kanta Hausar ma sai ya sake zama ɗalibinta. A Nijar makarantar boko lakwal ce, asibiti likita ne, malamin makaranta kuma mushe ake ce masa, kada ka ji an ce ga mushe nan tafe ka toshe hanci. In mai tebur ya ce dala ashirin, Sefa 100 yake nufi, jika kuma Sefa 1,000. SIM ta fara aiki a Damagaram tun 1924, asibitin Galmi yana nan tun 1950, wato akwai ikilisiya mai tarihinta da dattawanta da waƙoƙinta. Wanda ya je can ya je ne ya yi aiki a ƙarƙashinsu. A ganina babbar ribar shekarar koyon harshe ma ita ce wannan: mutumin da ya saba tsayawa a kan bagade ana ce masa Baba Fasto ya koma yana ɗaga hannu yana neman izinin magana, yarinyar da ba ta kai 'yarsa ba tana gyara masa baki. Wanda ya sha wannan ya fito da sauƙin kai, ya kuma san yadda baƙo yake ji. Mu mazauna Kurmi ai mun san ɗanɗanon abin, tun ranar da muka fara sauka a tasha ba mu san ko "zo" da Yarbanci ba.

Ina kuma roƙon duk wanda za a aika ya riƙe gaskiya a takardunsa da bakinsa. In an tambaye shi aikinsa ya faɗa. Ya bi dokar ƙasar da ya je, ya gaida sarki da limami, kada ya sayi kowa da kyauta, kada ya zagi abin da wani yake girmamawa. Harshen da aka koya don a yaudari hukuma ko maƙwabci ba zai yi albarka ba.

Daga ƙarshe, ga rabon 'yan uwana Musulmi da na yi alkawari. Mu nawa ne a nan muke sayo motoci da atamfa daga Kwatano da Lome, ko muke da 'yan uwa a Abijan da Duwala da Yawunde? Sau nawa aka karɓi kuɗinmu a kan hanya saboda wata takarda da ba mu iya karantawa ba? Tun 1996 Janar Abacha ya yi shelar cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, maganar ta tsaya a takarda. Kada mu jira gwamnati. Yaron da ya tashi a Agege yana jin Hausa da Yarbanci da Ingilishi, ga Larabcin Islamiyya, in aka ƙara masa Faransanci babu kasuwar da za ta gagare shi daga Dakar har Injamena. Shugabannin zangonmu da na ikilisiyoyinmu za su iya haɗa kai su ɗauko malami ɗaya daga cikin 'yan Togo da Binin da ke zaune tare da mu, ya riƙa koyar da yaranmu ranar Asabar. Wannan aiki ne da ba ya bukatar mu yarda da juna a kan komai kafin mu yi shi tare.

Ga dattawan ikilisiya kuma, kuɗin nan na talakawa ne, a kashe shi inda zai haifi abu. A gwada mutum a gida, a tura shi maƙwabta shi da matarsa, a ba su shekara, a nemi su kawo shaidar B2, sannan a tuna musu cewa in sun isa, da harshen mutanen gari za su yi kuka da masu kuka. Wanda yake da wani ra'ayi dabam ƙofata a buɗe take, a zo mu tattauna, shayi na kaina.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a inda muke, Ya kiyaye matafiyanmu, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai wani jiƙon.

Naku a kullum,
daga Agege, Ikko.